Masarar Bayan Ɗaki

An harbe ƙanena a gonarmu ta bayan dutse, kusa da Manchok, yana cikin huɗa. Ni na gudu. Da muka binne shi na rantse ƙafata ba za ta sake taka wurin ba.

Damina ta zagayo, sai na yi dabara irin ta masu wayo. Bayan ɗakina akwai ɗan fili tsakanin katanga da itatuwan mangwaro uku. Wuri mai duhu da sanyi, ba mai hango ka daga hanya. Na ce ga gona ta samu. Na shuka masara, na zuba mata taki har maƙwabta suka fara tambaya ko gwamnati ce ta ba ni kwangila.

Ta fito kuwa. Ta yi ta tsawo, siririya, ganyenta fari-fari kamar mai tashi daga jinya. Iska kaɗan ta kaɗa, ta kwanta. Na ƙara taki. Na kira fasto ya yi addu'a. Ya yi, ya sha kunu, ya tafi.

Sai yayata ta zo daga Kafanchan. Tsohuwar malamar firamare ce, ta yi ritaya amma bakinta bai yi ba. Ba ta ma kalli masarar sosai ba, sama ta ɗaga kai tana duban rassan mangwaro.

Ta ce, "Kai, sata masarar nan ta yi da kake ɓoye ta?"

Na ce, "Yaya, na ba ta taki, ruwa na sauka kullum. Me kuma take so, shayi?"

"Rana take so."

Ta tsinki ganye ɗaya ta miƙa mini a fuska. Ta ce shuka ba ta cin ƙasa, ita ke dafa abincinta, kuma a cikin koren ganye take girkin. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya shaƙi iska ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, hasken rana ya haɗa su su zama sukari. Sukarin nan shi ke taruwa ya zama ƙwayar masara. Taki gishirin miya ne kawai.

"Ka ajiye mace a kicin da ruwa da tulin gishiri, ka hana ta wuta, ka zauna jiran tuwo."

Shekara arba'in ina noma, ashe masu girki nake kiwo ban sani ba.

Na ce, "To je ki gaya wa masu bindiga su matsa, masarata za ta ɗora tukunya."

Ba ta yi dariya ba. Ita ma ƙanenta ne.

Da kaka abin da na karya bai cika kwando ba, kowane kai kamar babban yatsa. Ko na sare mangwaron, filin ba zai ciyar da mu shida da ke gidana ba. Shekarar nan a layin coci matata ta riƙa karɓo mana hatsin taimako, ni ina gida ina gadin dabarata.

Yanzu a gonar bayan dutse nake noma. Mu biyar muke tafiya, ni da maƙwabta, ɗaya ya hau dutse yana duba hanya, sauran mu sunkuya. Babu inuwa ko wadda kare zai kwanta a ciki, daga nesa kowa na ganin bayana. Masara ta yi kore shar, yara suna ci sau biyu a rana.