Tsinken Goggo

Ƙanwata tana da shekara huɗu lokacin da tsinken kitso ya shige mata ƙoƙon kai. Ni ina da tara. Muna zaune a wata 'yar unguwa kusa da Birchi, gida bakwai ne kacal, duk dangi, ana noma ana kiwo. Ba a jima sosai ba bayan nan Turawa suka ba da mulki.

Mai yi mana kitso ƙanwar babanmu ce, muna ce mata Goggo. Hannunta na da kyau, har daga Tamawa mata ke zuwa wurinta. Tana da tsinke na ƙarfe wanda wani maƙeri ya yi mata a Dutsin-Ma, ya fi ɗan yatsa tsawo, bakinsa siriri, gindinsa a lanƙwashe kamar zobe. In ta tsaga gashi tana son hannu biyu, sai ta soke shi a kan wadda ake wa kitson. Kowace mai kitso haka take yi. 'Yammata ma kan bar shi a ka don ado, tare da duwatsu da zobban farin ƙarfe da ake jera musu a jelar kitso. Ba wanda ya taɓa ganin aibin hakan.

Ran nan da hantsi, saura kwana huɗu Babbar Sallah, ƙanwata na zaune tsakanin ƙafafun Goggo, an yi rabin kai. Sai maraƙi ya tsinke igiya ya nufi geron da Inna, wato mahaifiyarmu, ta shanya. Goggo ta soke tsinken a gashin yarinyar ta gefen hagu, ta tashi da gudu. Yarinyar kuwa dama ta gaji da zama, ta miƙe ta bi ta tana dariya. Taɓarya na kwance a tsakar gida. Ta yi tuntuɓe da ita, ta faɗi ta gefe, kanta ya bugi gindin turmi.

Ina tsaye da tsintsiya a hannu, na ga zoben tsinken a maƙale saman kunnenta. Goggo ta dawo ta zare shi. Jinin bai cika cokali ba. Yarinyar ta yi kuka, ta yi amai, sannan ta yi barci, Inna ta ce barcin alheri ne. Aka wanke wurin da ruwan ɗumi, aka shafa man shanu. Ramin ƙarami ne, sai an buɗe gashi ake ganinsa.

Washegari ta ɗan sha fura. Rana ta uku jikinta ya yi zafi, ba ta son haske, in an taɓa wuyanta sai ta yi ƙara. Ranar Sallah da rana, ana tsakar suyar nama, ta fara jijjiga, idanu suka kafe. Tsofaffi suka ce iska ce ta taɓa ta. Aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu aka ɗura mata. Baba ya aika a kira wanzamin da ke yi wa gidanmu aiki, don ya zo ya sa ƙaho ya janye mataccen jini.

Wanzamin dattijo ne mara yawan magana. Ya aske gashin wurin, ya danna da yatsa, ruwa-ruwa ya fito. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Malam, wanga ba aikina ba ne," ya ce wa Baba. "Ramin ya wuce fata, ya wuce ƙashi. In na sa ƙaho nan, na cuce ka."

"To mi za mu yi?"

"Ka ɗaura wa jaki akumari. Ka kai ta Kurfi."

Muka tafi mu huɗu ban da ita. Inna na kan jaki rungume da ita, Baba na ja, ni da Goggo muna biye a ƙasa. Malamin disfensare ya bar cin naman Sallarsa ya zo ya buɗe mana. Ya tambayi abin da ya soke ta. Goggo ta kwance bakin zanenta ta fito da tsinken.

"Har ina ya shiga?"

Ta ɗora babban yatsa a kan ƙarfen. Abin da ya rage tsakanin yatsan da bakin tsinken ya kai gaɓa guda da rabi.

"Yau kwana nawa?"

"Huɗu, Malam."

Bai yi faɗa ba. Ya yi mata allura, ya rubuta takarda, ya ce asibitin Katsina za a kai ta, kuma kada a sake shafa komai a wurin. Da safe aka samu motar kaya mai zuwa birni, Baba da Inna suka hau da ita. Ni da Goggo muka juyo gida da jaki.

Sun fi wata guda a Katsina. Da suka dawo, kanta a aske yake ƙwal, da tabon ɗinki mai kama da ƙugiya. Hannunta na dama ya naɗe, tana jan ƙafar dama. Magana kuma ta tafi. Yarinyar da a da sai an ce ta yi shiru, yanzu in tana son ruwa sai ta nuna randa. Baba ya maimaita mana abin da likita ya faɗa ta bakin tafinta: ƙashin kan yaro ta wajen kunne bai fi ɓawon sabuwar ƙwarya kauri ba, tsinken ya huda shi ya kai dauɗa cikin ƙwaƙwalwa, wurin ya yi mugunya. Da an kawo ta ranar farko, wataƙila da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Ban taɓa jin wani ya ɗora wa Goggo laifi ba. Baba ya ce ƙaddara ce, ya kuma ce daga ranar ba a sake barin ƙarfe a kan yaro a gidansa. Goggo ta ci gaba da kitso, amma na yara da tsinken kara take tsagawa, in ta gama ta danne shi ƙarƙashin cinya. Ta kuma ɗauki wata ɗabi'a: ko a kasuwa ta ga yarinya da tsinke a ka, sai ta kai hannu ta zare, ta nemi uwar ta miƙa mata. An sha yi mata tsiwa a kan haka.

Ita ce kuma ta mayar wa ƙanwata da magana. Tana kitso, yarinyar na gefenta, tana ɗaga abu ɗaya-ɗaya tana kiran sunansa: ludayi, faifai, kaza. Sai da aka yi damina biyu kafin ta haɗa magana mai tsawo. Har ta girma, in kalma ta ɓace mata sai ta ce "abin nan", ta jira, mu ma mu jira.

Abin da ya fi ba ta wahala cin abinci da hagu. A gida an saba. Amma gidan biki ko suna ba a rasa wata baƙuwa da za ta doke mata hannu ta ce ba a koya mata ladabi ba. Sai kuma farfaɗiya, da ke zuwa mata sau uku ko huɗu a shekara. Mutane kan watse, wai yawun na yaɗa cutar. Mu muna kwantar da ita ta gefe, mu share mata baki, ba wanda ya taɓa ɗauka a cikinmu. Mun dai hana ta zuwa rijiya da zama gaban murhu.

Bayan an kai ni gidan miji a Dutsin-Ma, takan zo ta yi rani a wurina. A nan ta fara kiwon raguna da ɗan rago ɗaya da mijina ya ba ta. Ta iya su ƙwarai. Da hannu guda take haɗa musu dusa da kanwa, kuma tun kafin dabba ta kwanta takan gane ba ta da lafiya. Ta yi aure a Kurfi da wani tela ɗan kawunmu, ta haifi uku, ta ga jikoki biyu kafin ta rasu.

Na taɓa tambayarta ko tana tuna faɗuwar. Ta ce a'a. Abin da kawai take tunawa shi ne wani farin kofin tasa mai shuɗin baki da ake ba ta madara a ciki a asibiti, ta so a bar mata shi, ba a bar mata ba.