Da Yaya Idi Ya Kama Bakinsa

Ku da kuka san Yaya Idi, yayan maigidana, kun san ba ya kallon mutum a ido, sai a baki. Ko sallama ka yi, sai ya ƙura wa leɓɓanka ido ya ce, "Tsaya! Maimaita!"

Karatun harsuna ya kawo shi Greensboro a farkon shekarun tamanin. Ni lokacin ina wanke-wanke a wani gidan abincin 'yan Sin a unguwar Glenwood, da yamma in hau bas zuwa ajin manya, da furfurata ina koyon baƙi.

Ranar da ya ji masu girkinmu biyu, wannan na kiran shayi "ca", wancan "te", ai shi ke nan! Ya tare a ƙofar kicin. Wai "shayi" namu jikan "ca" ne, ya biyo raƙuman Larabawa, "ti" kuma ɗan "te" ne, ya biyo jirgin Turawa.

Na ce, "Yaya, sha za ka yi ko aurensa, da kake tonon asali?"

Ya ce, "Ladi, kalmar da ba ta da kaka shegiya ce."

Bai tsaya nan ba. Ya tambaye su garin wa ya riƙe lafazin kakanni, garin wa ya lanƙwasa harshe ya yi aro a maƙwabta. Kowa ya ce nasu ne na asali. Ludayi ya tashi sama, shinkafa ta ƙone! Mai wurin ya ce, "Ladi, in ya ƙara buɗe baki a nan, ki bi shi."

Na same shi har ɗaki. "Yaya, aikin nan ke riƙe da karatuna. Ka ja mini kora, wallahi in dafa kaset-kaset ɗinka na muryoyin mutane a miya!"

Mutumin da ko liman bai bari ba, sai ga shi ya zo ƙofar kicin ya zauna, bai ce uffan ba. Kwana da kwanaki yana shan shayi yana gumi, gashin baki na rawa. Ran nan dattijon cikin masu girkin ya ajiye wuƙa, ya ce in Malam Idi bai yi magana ba, shi ma ba girki. Wai tunda ya baro ƙasarsu, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda uwarsa ke faɗin abu.

Mai wurin ya sauko: a yi gardama, amma bayan an sauke tukunya. Aikina ya tsira, na gama ajina, yau ga ni da hannuna nake rubuta wannan.

Allah Ya ji ƙanka, Yaya. Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta.