Jan Ɗigon da Yaya Clarrie Ya Ɗaure da Waya

Yayana Clarrie Dunstan bai taɓa kai wani abu wurin mai gyara ba, kuma da wannan yake taƙama. Ƙofar garejinmu da wayar shinge take tsaye. Salansar motarsa ma haka. Hannun butar shayi, marfin firij, har ƙafar kujerar da nake zama a kai, duk ya bi su da waya da filaya. Tun da mijina ya rasu na dawo gonarmu ta gado a yamma da Cunnamulla nake dafa masa abinci ina kallon wannan aiki, kuma ban taɓa jin bakinsa ya furta cewa bai iya wani abu ba.

Yana ɗan saurayi ya bar makaranta ya bi mahaifinmu kiwo, bai sake yin wata sana'a ba. Fari ya zo ya wuce, ambaliya ta zo ta wuce, farashin gashin tumaki ya faɗi har maƙwabta suka watsar da nasu suka koma shanu ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan da tumakinsa. Yanzu ya haura saba'in. In ka ce masa shanu sun fi sauƙi, sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa.

A bara wata karyar daji ta gano mu. Ba don yunwa take kisa ba. Da safe sai mu tarar da 'ya'yan tumaki a yashe, wasu an farke musu ciki, wasu da sauran rai, iyayen na tsaye a kansu suna kuka. Tarko ta ƙi taka shi, guba ta ƙi ci. Wade, ɗan Clarrie, wanda harkar gonar ta koma hannunsa, ya zo ya zauna a kicin ya cire hularsa.

"Baba, bana ce ta ƙarshe," in ji shi. "In wannan haihuwar ma ta tafi a bakin karya, ana gama askin tumaki zan kira mota a kwashe su a sayar."

"Ka kira mana. Kafin motar ta iso na rataye fatarta a shinge."

Sau biyu ya same ta a fili, sau biyu ya kuskure. Na farko ya ce rana ce ta haske masa ido. Na biyu ya ce harsashin zamani ne, ba a cika shi kamar na da. Ni kuwa na daɗe ina ganin yadda yake miƙa jarida can nesa, ya jawo ta kusa, ya karkatar da kai, sannan ya ajiye ya ce ba labari a ciki. Na ce masa, "Yaya, mu je a duba idon nan." Ya ce idon da ya harbo dila yana gudu tun ina rarrafe ba ya bukatar shawarata.

Wani ne a mashaya ya ba shi labarin madubin saitin bindiga mai jan ɗigo. Wai ba ruwanka da daidaita ƙarfen gaba da na baya, ɗigon kawai za ka ɗora a kan abin da kake so ka ja kunama. Wannan ya yi masa daɗi, domin ya nuna laifin na bindiga ne. Muka ɗauki hanyar Charleville, ni ce a sitiyari, shi yana gaya mini inda ramuka suke bayan na riga na faɗa cikinsu.

Mai shagon kayan farauta sunanta Raelene, mace mai haƙuri, ta san Clarrie tun tana yarinya. Ta jera masa madubai a kan kantar shagon, ta yi masa bayani dalla-dalla. Mai ƙaramin ɗigo na nesa ne, mai babba na kusa ne, irin harbin cikin kurmin itatuwan mulga inda dabba ke gilmawa ta ɓace. Ba ya ƙara girman abu, kuma ido biyu ake buɗewa. Ta kunna ɗaya ta miƙa masa.

Ya rufe idon hagu, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, ya leƙa.

"Wannan ya lalace. Ba ɗigo ba ne, jela gare shi."

Ta karɓa ta duba, ta ba shi wani.

"Wannan ya fi muni. Kamar an murƙushe tumatir."

"Baba Clarrie, ba ƙanwarka Noeline ta leƙa mana. Akwai idon da in ƙwayarsa ta ɗan karkace, haka yake ganin ɗigon a baje. Gilashin ido kawai ake sawa, shi ke nan."

"Ita za ta yi harbin ko ni?"

Na miƙa hannu, ya janye madubin ya rungume. A wajenmu abu uku ne ba a taɓa wa namiji: hularsa, karensa, bindigarsa. Tun bai biya ba madubin ya riga ya shiga cikin na ukun. Ya gwada duk abin da ke shagon, ya yanke hukunci cewa kamfanoni sun daina yin kayan kirki, sannan ya zaɓi mai babban ɗigo, wai jelarsa ta fi gajarta. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma Yaya ya daɗe tsaye a kan nasa.

Raelene ta ce ya kawo bindigar ta ɗaura masa. Akwai ƙarfen da ake ɗora madubin a kai, kuma sukurorinsa ƙanana ne, da sifana mai awo ake ɗaure su, a ɗiga musu ɗan gam don kada girgiza ta kwance su.

"Yarinya, ni na haɗa famfon iskan gonarmu da hannuna. Sukuru huɗu ne za su gagare ni?"

A kan teburin cin abinci ya yi aikin, ya ture mini kwanon kwaɓin burodi gefe. Dokarsa ta ɗauri guda ce, ita yake yi wa famfo, ita yake yi wa tayar tarakta: ka ɗaure har ƙarfe ya yi ƙara, sannan ka ƙara kaɗan. Sukurun farko ya yi ƙara, ya ƙara masa, ya lashe. Na biyu ma haka. Ya zauna yana juya sukudireba, abu na ta zagayawa ba ya kamawa.

"Yaya, mu mayar wa Raelene."

"Miƙo mini filaya."

Na ji kamar in kwaɗa masa muciya. Haka ya naɗe madubi sabo fil da wayar shinge, ya murɗe bakinta, ya lanƙwasa, ya ɗaga yana yaba wa kansa. Ya kafa marfin durom a bayan shingen tumaki ya yi ta harbi yana murɗa saiti har harsashi ya fara faɗawa tsakiya. Na tambaye shi wane ɓangare na ɗigon yake ɗorawa, kan ko jelar. Ya ce ya danganta. Daga nan bindiga ta koma akwatin ƙarfe, makulli a ɗamararsa, ko kuma bayan kujerar a-kori-kura, tana tsalle a kan hanyarmu mai gargada duk inda ya nufa.

Haihuwa ta kankama, karya ba ta fasa ba. Wata safiya muna zagayen duba ruwa, ni da shi, muka hango ta a bakin kwamin shan tumaki, ja-ja, bakinta duk jini. Kusa take ƙwarai, ko da dutse zan iya samunta. Clarrie ya sauka a hankali, ya jingina da ƙofar mota, ya rufe idon hagu. Duk haushinsa da nake ji, ina so ya same ta fiye da yadda na taɓa son wani abu.

Ya harba. Bututun da ke kawo ruwa kwamin ya fashe, ruwa ya yi sama. Karyar ta dube mu, ta juya, ta shige mulga ba tare da ta ko yi gudu ba.

Ruwa na ta malala. Bayan kwamin akwai 'ya'yan tumaki a kwance. Sai na ga ya juyo, ya zare sauran harsashin, ya miƙo mini bindigar ba tare da ya dube ni ba. Tun muna yara bai taɓa yin haka ba.

"Noeline, me kike gani?"

Na leƙa. Ɗigo ne ja, kewayayye, tsaf, ba jela ba komai. Na sa yatsa na taɓa madubin, ya motsa a cikin wayarsa kamar haƙori mai girgiɗi.

"Ɗigo ne, Yaya. Lafiyarsa ƙalau. Ɗaurin ne ya saki, idon kuma naka ne."

Na shirya wa gardama, har na tanadi amsa. Bai yi ba. Ya je ya rufe famfon, ya dawo ya zauna a mota, ya ce in kai shi gida. A hanya tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya ƙaru, don da ya ba ni madubin nan a shagon Raelene da duk wannan bai faru ba.

A makon na kai shi garin Roma na nan yankinmu wurin likitan ido. Abin da Raelene ta faɗa shi likitan ya faɗa, sai dai nasa da farin kaya. Muka biya ta Charleville, Raelene ta yanke wayar, ta sa sabon ƙarfe, ta ɗaure da sifanarta, Clarrie na tsaye da hula a hannu. Da gilashin ya iso ya leƙa madubin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, sun gyara shi."

Amma ihu ne bayan hari. Haihuwa ta riga ta wuce, abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba, karyar kuma ta koma gonar wasu. Ya yi ta fita da asuba yana jiranta da bindigar da yanzu ba ta kuskure, ba ta zo ba. Aka gama aski, Wade ya shigo kicin ya tsaya a bakin ƙofa.

"Goggo, ki gaya masa motocin za su zo ranar Talata."

"Ubanka ne, ga shi can. Gaya masa da bakinka."

Ranar Talata na ɗauka zai kulle kansa a ɗaki. Sai ga shi ya fito da riga mai tsabta, gilashi a fuska, ya je ya tsaya a gindin matakalar da tumaki ke hawa mota. Wade ya ce ya koma inuwa, ya yi kamar bai ji ba. Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowace da ido. Na je na tsaya kusa da shi, don kada ya tsaya shi kaɗai.

"Ga 'yar Gurguwa can," in ji shi. "Ashe tana da baƙin tabo a hanci, irin na uwarta. Ban taɓa gani ba."

Ta hau, wata ta biyo.

"Wannan ma kyakkyawa ce. Noeline, dama haka suke da kyau?"

"Haka suke, Yaya."

Ya gyara zaman gilashin, ya ce wa direban ya daina kora su da sauri, yana so ya ga kowace.