Laka a Bangon Inna

Shekarar da Inna ta shafe bangon gidanmu da siminti, ta sa anka yi mashi fenti shuɗi, ita ce shekarar da na zama ɗan sinima. Kwana uku na yi a sana'ar, har yau kunyarta ba ta sake ni ba.

Shekara goma sha ɗaya ta yi zaune gaban buhunan albasa a kasuwar Malanville don bangon nan. Kuma ba don mu ta yi ba. Don yayarta ta yi, wadda ke aure a Gaya, ƙetaren gulbi, wadda tun ranar da Inna ta auri masunci take kiran gidanmu "bukkar ƙanwata". Fenti na bushewa Inna ta aika mata: bayan Sallah ta zo ta gani da idonta.

Sai ga wani abokina na lakwal, wato makarantar boko, ya dawo daga Kwatano da kamera da wata hula da ba ta kare rana. Akwai tsohon fim ɗin kaboyi da munka kalla muna yara har kaset ya gaji, inda baƙo ke shigowa gari bisa doki kowa ya ruga ya rufe ƙofa. Wai shi zai sake yin shi a bakin gulbinmu, zamanin fatake, tun Bature bai zo ba. Ni mai zana allunan masu aski ne, sai ya naɗa ni shugaban dekor, wato mai shirya wurin da za a ɗauka. Shugaba fa! Kaina ya kumbura.

Gidan giyar kaboyi ya koma zauren shan fura. Ƙofar nan mai lilo da zana munka yi ta, awakin unguwa sunka ci rabinta kafin a kunna kamera. Doki bai samu ba, anka aro jaki daga ƙauyen Gene, jarumin kuwa dogo, ƙafafunshi na sharar ƙasa. Wannan duk mai sauƙi ne. Tsohon gari shi ya gagara: ko'ina ka juya sai rufin kwano, sai wayar lantarki, sai moto, wato babur. Mai fim ya tsaya tsakiyar hanya yana faɗa wai mutanenmu sun watsar da al'adarsu. Shi da ko ruwan randa ba ya sha!

Gidanmu ne ƙarshen unguwa, bayanshi gulbi, Inna kuma ta tafi biki Madekali. Ni da bakina na ce, "Ai laka ce, ruwa zai wanke." Munka kwaɓa laka da kashin shanu, munka yaɓe shuɗin nan kaf, munka lulluɓe kwano da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Na ɗauki ƙusa na zana tsagewa daga sama har ƙasa, kamar bangon zai faɗi gobe. Wallahi aikin ya yi kyau. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, abin da ke ƙona mani rai ke nan.

Rana ta uku da hantsi, ana tsakiyar ɗaukar wurin da 'yan fashi sunka wawashe gari, Inna ta sauko daga moto, kwana ɗaya kafin mu zace ta. Ta dubi bango. Ta ɗora hannu biyu a kai ta kurma ihu, "Wayyo gidana! Wa ya kashe ni?" Ni na daskare da kaskon laka a hannu. Mai fim kuwa ya juya kamera kanta yana raɗa, "Kada kowa ya motsa, wannan kuɗi ba ya sayenshi."

Kwana biyu ina ɗibar ruwa ina gurzar bango. Shuɗi ya dawo, sai ɗan dishi-dishi. Na roƙi abokina ya cire Inna daga fim ɗin, ya ce ai ita ce fim ɗin, sauran duk jaki ne. Nan kaɗai ya faɗi gaskiya.

Kaset ya riga Sallah ƙetare gada. Sati bai cika ba mai amalanke ya sauke buhun hatsi a ƙofarmu, da saƙo daga Gaya: yayarta ta ga gidan a fim, ba sai ta zo ta ɗora mata nauyin baƙi ba, Allah ya rufa asiri. Inna ta aika har sau uku cewa wasa ne, laka ce, a zo a gani. Amsa ɗaya ke dawowa: ita ma da ita ce haka za ta ce.

Inna ba ta buge ni ba, ko zagi ba ta yi ba. Ta sa anka daka hatsin nan, kullum ta tuƙa tuwo tukunya daban ta ajiye gabana, sauran gida suna cin shinkafa. Ran da na yi ƙorafi ta ce, "Ci, ɗan nan. Sadakarka ce, kai ka roƙo ta."

Wata biyu na yi ina cin buhun nan ni kaɗai. Duk shekara Inna na sake fentin bango kafin Sallah, har yayarta ta rasu ba ta ƙetaro ta gan shi ba.