Hannun Dama na Sekuru Gondo

Shekara goma sha bakwai Chipiwa tana raba abinci a wani gidan tsofaffi a garin Gweru. Gajeriyar mace ce mai faɗa, ba a ɗaura wa tsoho ƙyalle a wuya tana gani ta yi shiru. Ita ta yi jinyar mahaifinta har ya cika, don haka ta san abin da cokali ke yi wa zuciyar dattijo.

Ranar da ta dawo daga hutu ta tarar Sekuru Gondo, wato kaka Gondo a harshensu, tsohon direban jirgin ƙasa, ya kwana uku bai sa komai a baki ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama.

Sista Ndoro, shugabar gidan, ta tare ta a ƙofa. "In bai ci yau ba, asibiti za a kai shi, a zura masa roba ta hanci. Mota na zuwa ƙarfe biyu."

"Me kuka ba shi?"

"Kunu a cokali, ya kawar da kai. Muka ce ya ci da hagu, ya ture kwanon."

"Da hagu? A gaban mutane? Haba, Sista!"

Ƙarfe ɗaya da rabi tsofaffi tara sun kewaye tebur, tuwon masara, wanda suke kira sadza, yana ta hucewa. Chipiwa ta kwance ƙyallen wuyan tsohon ta jefa a kwando. Ta ɗauko buta da kwano ta durƙusa gabansa.

"Sekuru, angona, ka bar maza da yunwa. Babba ke fara wanke hannu."

Ko kallonta bai yi ba. Ruwan ya fara sanyi, gwiwoyinta suka yi tsami. Aka ji ƙarar mota a waje, Sista Ndoro ta duba agogo.

Can ya miƙo hagun, kansa a sunkuye.

Ta ce, "Wannan kuma na wa? Ni ban aure shi ba."

Ta ɗauko matacciyar damar daga cinyarsa ta wanke, yatsa bayan yatsa. Sannan ta zauna a gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Ta sa tafinta a bayan nasa, suka gutsuro tuwo, suka mulmula, suka tsoma a miyar ganye. Ta tallafi gwiwar hannun ta ɗaga, idonta na kan taga, kamar ba ita ba.

Lomar ta tsaya dab da bakinsa.

Ya buɗe baki. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa, sauran tsofaffin kuwa kowa ya duƙufa kan kwanonsa don kada ya gani.

Direban motar ya leƙo. "Ina mara lafiyar?"

Sekuru Gondo ya haɗiye, ya ce da harshensa mai nauyi, "Yaro, ba ka ga manya na cin abinci ba?"