Tozon Takarkarina

Shekarar da na yi wa takarkarina horon yunwa da hannuna, Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Mu a Matameye ba mu cika ganinsu ba, sai dai mu ga aikensu: yau a ce a kawo gero, gobe a ce a kawo masu gyaran hanya. Ina da mata da 'ya'ya biyu ƙanana a lokacin, da gona a yammacin gari, da sa guda ɗaya tak, fari mai baƙin wuya. Shi ne ƙafata, shi ne kasuwata. Da rani in ɗora masa kanwa mu nufi kudu, mu dawo da abin da Allah ya hore. In babu shi, ni manomin wata huɗu ne kawai, sauran watannin sai zaman gindin bishiya, ni kuwa zama bai taɓa karɓata ba.

Wanda bai yi kiwo ba yana ɗaukar tozon sa ado ne. Rumbu ne. Wani tsohon Bafillace da muke iyakar gona da shi, wanda nake kira Baffa, shi ya koya mini haka tun ina sabon shiga. Akwai gawo uku a gonata. Gawo kuwa ba ya bin sauran itatuwa: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani da kowa ya bushe shi kuma ya yi kore shar. Saiwarsa tana can ƙasa inda ruwa yake, ganyensa yana sama yana shan ranar nan da ke gasa mu. Abin da ya sha sai ya tara a cikin 'ya'yansa, ja-ja masu murɗewa. Su faɗo, sa ya ci, ya kwanta a inuwa yana tuƙa, ya bar kashinsa a wurin don geron baɗi. Wani abincin ya tafi wajen tafiya, wani wajen numfashi da ɗumin jiki. Ɗan abin da ya yi saura shi ke hawa doro ya zauna. In bazara ta kai maƙura, ƙasa ta zama fayau babu ko tsinke, daga wannan ajiya sa yake ci har sabuwar ciyawa ta fito.

A waccan shekara tozon sana ya tsaya ƙyam, har yana rawa in yana tafiya. Na ji daɗi, na kuma yi fahariya, ba zan ɓoye ba. Nakan bi da shi ta bakin kasuwa ko ba ni da abin yi a can.

Sai labari ya zo cewa kumandan Nasara yana neman takarkarai da za su ɗauki gero su yi arewa da shi, can wajen da sojojinsa suke. Kowane gari zai ba da nasa. Wani fatake da ya kwana a unguwarmu ya ce ya ga yadda ake zaɓen: dogarai za su zo da sojan Nasara, ya kama tozon sa ya matsa. Mai tozo a kore shi, marar tozo a bar wa mai shi kayansa. Ya ce wasu shanun suna dawowa, wasu kuwa sai labari.

Daga ranar ban sake cin tuwo a zaune ba. In shiga gida, in fita, in zagaya san, in dubi tozon da jiya nake alfahari da shi in ji kamar in zauna a kai. Na yi tunanin kai shi daji in ɓoye, na tuna mai unguwa ya san ko awakin kowa. Na yi tunanin tsallakawa kudu da shi, na tuna gona da yara. Kwana biyu ina wannan kai-kawo, sai dabara ta faɗo mini, na kuma ɗauka babu mai wayona a faɗin ƙasar. An ce nan da kwana goma za su iso. To, in rage masa tozon mana.

Na ɗauke shi daga gindin gawo, na kafa masa turke a bayan gida. Busasshen kara kaɗan da ruwa, shi ke nan. Na je na gaya wa Baffa, ina jiran ya yaba. Yana zaune yana tufka igiya, nasa san yana can yana ƙwas-ƙwas da 'ya'yan gawo.

"Ɗana," ya ce, "bazara fa ba ta shigo ba tukuna. Abin da za ka kwashe masa yanzu, guzurinsa ne."

"Kwana goma ne kawai, Baffa. Suna wucewa in mayar masa."

"Wata huɗu ya yi yana tarawa. Kai za ka mayar a kwana nawa?"

"To naka fa? Haka za ka bar shi su tafi da shi?"

"In sun tafi da shi, gara ya tafi da guzurinsa."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata tsufa ne, na kaɗe rigata na tafi ko sallama ban yi ba.

Kwana goma suka cika, babu dogari babu soja. Na kwance san zan mayar da shi gona, muna bakin ƙofa wani ya ce ai suna Dungu, jibi za su iso. Na mayar da shi turke. Jibi ta zo ta wuce. Aka ce sun juya Icirnawa. Bayan mako aka ce a'a, suna Tsauni. Na kasa haƙuri, na taka da ƙafata har Tsauni don in gani da idona, na tarar su ma mutanen can jira suke, an gaya musu ana Matameye. Na dawo a guje kamar mahaukaci, na sami gari shiru, mata suna daka.

Haka na yi ta yi. In na ba shi abinci, ina tsoron gobe su zo. In na hana shi, kukansa ya hana ni sakat. Yakan juya fuska wajen gona ya yi ta kuka a hankali, ba irin kukan sa mai ƙarfi ba. Tozon ya fara kwantawa gefe guda. Haƙarƙari suka fito, na iya ƙirga su daga bakin zaure. Wata rana da hantsi na shigo na tarar da matata ta ajiye masa ƙwaryar dusa. Na yi ƙwallo da ƙwaryar.

"Ke kike son a tafi da shi?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa tana tattara dusar daga ƙasa, ta ce, "Maigida, su Nasaran ba su zo ba tukuna, amma ga shi kana yi musu aikin. Ko kumandan ya ɗauke ka dogari ne ba mu sani ba?"

Sai na yi faɗa a kan gishirin miyar jiya.

Sun zo bayan kwana arba'in da wani abu. Dogarai biyu da wani dogon soja baƙi mai jar hula, wanda Hausarsa ba ta wuce kalma biyar ba. Aka tara shanu a fili. Da ya zo kan nawa ya kama tozon, ya ji fata ce kawai ta cika masa hannu, ya yi tsaki ya ture shi. San ya yi tangaɗi, mutane suka yi dariya. Ni ma na yi, har da hawaye, don daɗi. Na Baffa kuwa sojan ko matsa tozon bai yi ba, ya nuna shi da bulala aka kore shi. Tsohon ya bi su har bakin gari, ya shafa wuyan sansa, ya dawo. Na wuce ta gabansa da igiyar nawa a hannu, ina tafiya a hankali don ya gani da kyau. Allah ya yafe mini wannan tafiyar.

Kai tsaye na nufi gona da shi. Ƙarƙashin gawo an share tas. Lokacin zubar 'ya'ya ya wuce, abin da ya zuba kuma awakin gari sun yi bikinsa tun ina Tsauni ina neman dogarai. Na ɗauki doguwar gora na yi ta dukan rassa, abin da ya faɗo bai cika ƙwarya biyu ba. Na bi gidaje neman harawa, kowa nasa ya ƙare ko yana ɓoyo. Bazara ta sauka da dukan ƙarfinta. Sauran shanun gari suna ramewa su ma, amma suna da abin da za su rame da shi. Nawa ya riga ya cinye tozonsa, sai ya koma cin naman cinyoyinsa.

Ruwa kuma ya yi jinkiri. Kullum ina kan tudun bayan gari ina duban gabas. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ya kai in san ya kwanta ba ya iya tashi, sai na kira maƙwabta mu zura sanduna biyu ƙarƙashin cikinsa mu ɗaga shi. Baffa, wanda ba shi da sa yanzu, shi ke fara zuwa kowace safiya ya kama bakin sanda. Bai taɓa yi mini gori ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da aka yi ruwan farko na fita cikinsa ba riga ina ihu. Kwana huɗu ƙasa ta yi kore-kore. Baffa ya ce kada in sake shi a kan ɗanyar ciyawa, ruwa ce zalla, cikin da ya daɗe da yunwa ba ya riƙe ta; in haɗa masa da busasshe. Ina na ga busasshe? Har jinkar rumbu na zare na ba shi, ya shinshina ya kau da kai, idonsa yana kan koren. Na kasa jure kallonsa, na kwance shi. Ya ci kamar ba gobe. Washegari zawo ya kama shi. Kwana na uku muka zura sanduna muka ɗaga, ƙafafunsa suka ƙi karɓarsa. Muka sake, suka ƙi. Baffa ya ajiye bakin sandarsa ya ce, "A kira mahauci tun da sauran rai."

Ni na riƙe masa kai. Ciyawa kore tana ko'ina kewaye da mu, har a bakinsa akwai wadda bai haɗiye ba. Da mahaucin ya feɗe ya zo kan doro, ya ɗago ya dube ni, ya ce bai taɓa ganin sa ba ko ɗigon kitse sai yau. Matata ta dafa abin da aka kawo, yara suka ci. Ni na kasa.

Gero yana kai gwiwa aka dawo da shanun da suka rayu. Na ji hayaniya a bakin gari na fita. Ga san Baffa a cikinsu, bayansa duk gyambon kaya, tozon ya kwanta shaf, yana ɗingishi. Amma a kan ƙafafunsa huɗu ya shigo. Ya wuce mutane, ya sa kai a ciyawar gefen hanya ya fara ci, tsohon yana tsaye kusa da shi yana kore masa ƙuda.

Na daɗe a wurin ina kallo. Nasara sun ci tozon sansa a kan hanya, sun dawo masa da sa. Ni na ci tozon nawa a bayan gidana, a kan turke, bai kai ko taiki ɗaya na gero ko'ina ba.