Malam Mutawakkil da Amsoshi Tara

Assalamu alaikum masu karatun Zaure, in har kuna nan. Ban taɓa rubuta abin da jama'a za su karanta ba, wannan layin ma sau huɗu ina goge shi. Malam ya ce duk mai magana ya aiko kafin ƙarshen wata. Na jira manya su aiko, ba wanda ya aiko, shi ya sa kuke ganin rubutun yarinya. In na yi tuntuɓe a yi mini afuwa.

Kullum in an idar da sallar asuba, Malam Mutawakkil ba ya komawa shimfiɗa. Sai ya ɗauki kujerar robarsa mai karyayyen hannu, ya rataya tabaran da ya ɗaure da zare, ya nufi tudun bayan unguwarmu a Kebbe, domin nan kaɗai sabis ɗin waya ke tsayawa. Zai kira Shafi'u ɗan kabu-kabu ya ji lafiyar hanya. Zai kira Malama Hinde, mai aikin lafiya a Fakku, ya ji ranar rigakafi. Zai tambayi inda aka yi ruwa da inda shuka ta ƙone, wa aka haifa, wa ya rasu. Sannan ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali, yana motsa leɓe kamar mai duba jarrabawar yara. Kafin hantsi labari ya hau shafinsa na intanet, wanda ya sa wa suna Zauren Kebbe da Tambuwal, mu kuwa muke ce masa Zaure.

Shekara goma sha uku ke nan. Lokacin da ya fara yana koyarwa a firamare, ko wayar kirki ba shi da ita. Duk Asabar yake hawa babur zuwa Tambuwal da takardunsa a aljihu, ya zauna a shagon kwamfuta ya buga labaran mako. Ya yi ritaya, bai bari ba. Idonsa ya fara hazo, bai bari ba.

Malama Hinde ta gaya mini cewa daminar bara ruwa ya cinye wata kwalbati, Malam ya saka da safe. Da azahar aka ɗauko mai naƙuda a babur. Mai babur ɗin ya riga ya gani, sai ya zaga ta wata hanya. "Da sun bi ta can, Asiya, da ni da ke ba mu wanga zance," in ji ta. Yaron yanzu yana rarrafe. Uwarsa ba ta san sunan Malam ba.

Kai ne, Baba Malam, mai hawa tudu don mutanen da ba su san ana hawa dominsu ba.

To, wata biyu da suka wuce sai ya ce yana son ya san su wa ke karanta shi. Ya gaji da magana cikin rijiya, in ji shi. Ya tsara tambayoyi goma ya saka a shafin, kuma ya tsara su yadda malamin makaranta ya saba: sunanka, sunan mahaifi, garinku ko rugarku, sana'arka, lambar wayarka, mutum nawa ne a gidanku, wane sashe ka fi karantawa. A ƙasa ya rubuta cewa in amsa ba ta kai arba'in ba, zai rufe Zaure ranar Juma'ar ƙarshen wannan wata.

Amsa tara aka samu.

Ranar da na je mayar masa da littafin da ya ara mini, na tarar ya sa an buga masa su a takarda ya jera a kan tabarma. Ɗaya tawa ce. Ɗaya ta Shafi'u ce, wanda bai cike komai ba sai wurin ƙarin bayani, inda ya rubuta: "Malam kai ma ka san ina karantawa, bari wahal da ni." Sauran bakwai duk na mutanenmu ne da suka bar gida, daga Legas, Fatakwal, Abuja, Kaduna. Kuma su bakwai ɗin, a tambayar sashen da suka fi karantawa, abu ɗaya suka zaɓa: sanarwar rasuwa.

"Kin gani ko, sarkin karatu?" in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ido ba. "Na yi rubutu kan rijiya, na yi kan makaranta, na yi kan taki. Ashe ni mai shelar gawa na. Na gida ba su karatu, na waje kau jira sukai su ji wa ya mutu."

Ni bakina ba ya aiki a gaban manya. Amma na san ba gaskiya ba ne, domin na sha jin ana cewa "an saka a Zaure" a layin famfo da gidan suna. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Ranar kasuwar Tambuwal na sa Shafi'u ya kai ni kara, wajen masu shanu, gun Ardo Bube, wanda Malam ya taɓa taimaka wa aka gano shanunsa biyu da suka ɓace. Na gaishe shi, na tambaye shi ko ana karanta Zaure a rugarsu.

"Kullum," in ji shi. "Ɗiyata Atu ka karanta muna, mu kusan ashirin, bayan an tatsi nono. Da dai."

Na ce, da?

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Yarinya, a wanga zamani, wanda ya ce ka ba shi sunanka, da inda kaka kwana, da lambarka, da yawan mutanen gidanka, mi shika nema? Mu mun ɗauka an amshe wayar Malam na. Mun ce miyagu sun shiga cikinta suna tara sunaye. Na hana Atu buɗewa, yau wata biyu."

Na bi rumfuna biyar a ranar. Mai shayi, mai gyaran waya, wata malamar asibiti, duk zancen ɗaya ne. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ce mini shi mai albashi ne, in ya rubuta sana'arsa da unguwarsa ya rubuta wa masu garkuwa da mutane takardar zuwa ɗaukarsa. Ba wanda ya kira Malam ya tambaye shi, don kowa na tsoron wanda zai ɗaga wayar.

Na dawo da gudu ina murna, a zatona na kawo magani. Na same shi a kan tudu na zayyana masa duka. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Rajista na yi musu, kamar 'yan aji," in ji shi. "Laifina na, ban yi tunani ba." Sai kuma ya ce, "Amma Asiya, shekara goma sha uku ina gaishe su. In mun kai inda mutum ba shi iya gaya ma maƙwabcinsa sunansa, ba Zaure kaɗai ya mutu ba."

Na ce ai ba shi suke tsoro ba, wayar ce.

"Ni da wayar ai ɗaya muke a wurinsu. Wa ya san fuskata a garuruwa irin su Jabo?"

Ya cire tambayoyin a ranar, ya ba da haƙuri. Amma waɗanda suka daina buɗewa ba su ga haƙurin ba, kuma bai janye maganar Juma'a ba.

Baba Malam, abin da na kasa faɗa a gabanka bari in rubuta. Ka raina sanarwar rasuwa, amma ba ka karanta amsar Khadijatul Kubra ta Fatakwal har ƙarshe ba, don rubutun ƙanana ne. Ni na karanta. Ta ce ranar da kakarta ta rasu, kowa "sai haƙuri" ya ce mata a waya. Kai kaɗai ka rubuta cewa marigayiyar ta yi shekara talatin tana dama fura a bakin tasha, kuma ba ta taɓa barin ɗan makaranta ya wuce da yunwa ba. Ta ce tana buɗe wannan shafin duk lokacin da ta ji kamar ba ta da gari. Kai ne kake rubuta sunan talaka daidai, har da na mahaifinsa. Kai ne ba ka bari a binne mutum da layi ɗaya. Na gode. Mun gode, har da waɗanda tsoro ya rufe wa baki. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba zan yi muku ƙarya ba, ban san ko zai canja ra'ayi ba. Ban ma san ko ku nawa ne ba. Ba na tambayar sunan kowa, ko garinsa, ko lambarsa. Ku rubuta "Sannu Malam" a ƙasan wannan rubutu, shi ke nan. Wanda ake karanta wa, ya sa mai karatun ya rubuta masa. Wanda zai je kasuwa ya gaya wa na ruga cewa wayar tana hannun mai ita. In kuma akwai mai ƙarfin ido a cikinku, ya je ya koyi aikin nan tun mai shi yana kan tudu.

Jiya ya nuna mini abin da ya tanada don ranar Juma'a. Ya riga ya rubuta, saura ya danna. Ya tsara shi irin na sanarwar rasuwa: ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Zaure ya cika yana da shekara goma sha uku, bayan gajeruwar jinya, bai bar magaji ba.

Na ce, haba Baba, me ya sa haka?

Ya ce, "Ita dai na tabbata za su karanta."

Saura kwana biyar. Don Allah ku ƙaryata shi.

Asiya Abdulhamidu, Kebbe